Gargaɗi Kafin Damina: Sharar Yau Ba Ta Ruɓewa

Iyayenmu mata, magidanta, masu unguwanni, limamai da malaman makarantu, a saurara, maganar ta gaggawa ce. Damina na tafe, magudanan ruwanmu kuma a toshe suke. Duk wanda ya ratsa lungunan Kano a ƙarshen rani ya leƙa kwata ya san abin da nake nufi. Ledar fiya-wata, baƙar leda, gorunan lemo, famfas ɗin yara da robobin abincin sayarwa sun cakuɗa da yashi sun daskare har bakin lambatu. Haka abin yake a Kaduna da Zariya da Katsina da Sakkwato, haka yake a Maraɗi da Damagaram da Yamai. Ranar da aka tafka ruwan farko mai ƙarfi, ba zai sami hanyar wucewa ba. Zai juyo cikin zaure da tsakar gida, ya jiƙa gindin katangar ƙasa, ya haɗe da masai, ya gangara rijiya. Kowace shekara sai an yi jana'izar waɗanda gini ya rufta wa, sai an kwantar da yara saboda amai da gudawa, mu ce ƙaddara ce. Ƙaddara gaskiya ce, amma ledar da ta toshe kwalbatin nan daga gidajenmu ta fito, da hannunmu muka zuba ta.

Tushen abin shi ne shara ta sauya, mu kuwa muna nan muna yi mata irin riƙon da. A gidan kakanninmu da wuya a sami abin da za a yar ya zauna har abada. Ƙanzo a jiƙa a ci, ko a ba kaji. Dusa da ƙaiƙayi da kowar wake rabon awaki ne. Toka a tace ta a sami ruwan miya ko na sabulu, sauran ta jira gona. Ƙwarya ta fashe, a kai wa mai gyartai ya ɗinke. Tsohon zane ya koma gammo ko tsumma. Goro a ganye yake zuwa, daddawa a ganye, mai sayen fura da ƙwaryarsa yake tafiya, mai sayen mai da kwalbarsa. Abin da ya saura a tara a juji ya ruɓe, da bazara manoma su shigo su kwashe a mangala. Jaki ya shigo birni da itace ko kara, ya koma ƙauye da taki. Michael Mortimore, masanin nan da ya yi nazarin gonakin kewayen Kano tun shekarun 1960, ya nuna cewa wannan takin na cikin dalilan da suka sa ake noma gonakin kowace shekara ba tare da an bar su sun huta ba, kuma ba su mutu ba. Wanda ya zuba shara a bayan gida a wancan zamani bai yi ɓarna ba, abincin baɗi ya ajiye.

Leda ba haka take ba. Daga man fetur da iskar gas ake yin ta, kuma ƙwayoyin da ke ruɓar da ganye da kashin dabba ba sa iya cin ta. Rana takan ƙeƙasar da ita ta farfashe ta zama gutsattsari, gutsattsarin su ƙara niƙewa har ido ya daina ganinsu, amma ba sa komawa ƙasa. Duniya na ƙera robar da ta haura tan miliyan 400 kowace shekara, kuma wani babban ƙiyasi da aka fitar a 2017 ya nuna cewa cikin dukkan robar da aka taɓa zubarwa, kashi 9 cikin 100 kacal aka sake sarrafawa. Sauran tana juji, ko an ƙone ta, ko tana yawo a ƙasa da ruwa. Mu nan tun da fiya-wata ya bazu a shekarun 1990, leda ta shiga kowane ciniki. Gishirin naira hamsin a leda, barkono a wata ledar, a haɗa su a zuba a ta uku. Koko a leda, tuwo a leda, alale a leda ake dafa shi. Duk wannan sai mu tattara mu yi masa abin da muka gada: mu zuba a bayan gida, mu cinna masa wuta, ko mu bar wa ruwa.

Na ruwan ya fi gaggawa, don haka da shi zan fara. Da hadari ya haɗo, sai ka ga ana fitowa da kwanduna da buhunan shara ana juyewa a kwata, wai ruwa ya tafi da ita. Ina zai kai ta? Iyakacinta kwalbatin farko. Leda ɗaya takan shimfiɗu a bakin kwalbati kamar faifai a bakin tukunya, ta tare ta biyu, ta biyu ta tare gora, gora ta tare yashi, kafin a ɗauke ruwa hanya ta rufe ruf. Wanda ya zuba sharar yana kan tudu yana barci, na gangare ne za su kwana suna kwalfe ɗaki, kuma sau da yawa su ne masu ƙaramin ƙarfi, masu ginin ƙasa. Wannan haƙƙin maƙwabci ne, ko da ba ka san fuskarsa ba. Haka nan wanda ya ba almajiri ko mai baro kuɗi ya kwashe masa shara, bai tambaye shi inda zai kai ta ba. Yaron da aka ba abin da bai kai ya kawo ba, ba zai yi tattaki zuwa matattarar shara ba, lambatun da ya fi kusa zai nufa. Alhakin na mai sharar ne.

Abin da ya tsallake kwalbati kuwa, a Kano rafin Jakara yake faɗawa, ya ratsa birni, ya haɗu da Getsi mai ɗauke da ruwan masana'antun Bompai, su nufi madatsar Wasai. A gefen wannan ruwa ake noman latas da kabeji da alayyahu da karas, a wanke, a dawo mana da su kasuwa. Sannan ga kududdufai. Ramukan da aka haƙi ƙasar gina birni su ne suke shanye ruwan unguwa idan ya yi yawa. Shekara da shekaru muna cike su da shara, in sun cika a daddage a yanka filaye a yi gini. Ruwan da kududdufin yake ɗauka bai fasa zuwa ba, masauki kawai ya rasa. Ginin da aka ɗora a kan bola ma ba shi da tabbas, domin ƙasar tana ci gaba da zaunawa, tana tsattsage bango.

Ba mu ne farkon waɗanda suka ga wannan ba. A Bangaladash, bayan manyan ambaliyar 1988 da 1998, an gano cewa leda ce ta toshe magudanan birnin Daka ta hana ruwa janyewa, abin da ya sa a 2002 ƙasar ta zama ta farko da ta haramta siririyar leda. 'Yan'uwanmu na unguwannin Nima da Mamobi a birnin Akara kuwa ba za su manta da daren 3 ga Yuni 2015 ba. Ruwa ya mamaye Akara, magudanan da shara ta cika suka kasa ɗauka, jama'a suka fake a wani gidan mai kusa da shataletalen Kwame Nkrumah. Mai ya malala a kan ruwa, wuta ta kama, mutum sama da 150 suka rasu. Allah Ya ji ƙansu. Gaskiya ne ba kowace ambaliya ce shara ke jawowa ba. Akwai ruwan da ya fi ƙarfin kowace kwata, akwai ɓallewar madatsa, akwai gini a kan hanyar ruwa. Amma kason da ke hannunmu shi ne wannan, kuma shi ne wanda za mu iya gyarawa kafin watan Agusta.

In ruwa ya ɗauke ma ba a rabu ba. Kwatar da ba ta gudu gidan sauro ce, haka tsohuwar taya da gwangwani da fasasshen bokitin da suka tari ruwa. Ƙuda ya tashi daga famfas ɗin da aka yar a bola ya sauka a kan abincin talla. Ruwan da ke tsatsa daga ƙarƙashin juji ya bi ƙasa ya sami rijiya marar zurfi. Ɓera kuma ragowar abinci ke kiransa, shi ne mai ɗauke da zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganewa a 1969 a garin Lassa da ke jihar Borno ta yau, wadda har yanzu take kashe mutane duk rani.

Sai wuta. Mutane da yawa da ke ƙona shara niyyar tsafta gare su, suna ganin sun fi mai zubawa a kwata. Ina roƙonsu su sake tunani. Wutar bola ba ta da zafin da za ta cinye roba gaba ɗaya, cin-cin take yi tana hayaƙi, wani lokaci kwana da kwanaki. Cikin hayaƙin akwai baƙin ƙurar da ke shiga can cikin huhu, akwai iskar da ke sa jiri da ciwon kai, akwai kuma wani dafi da ake kira dayoksin, wanda ke fitowa musamman idan an ƙona irin robar bututun ruwa da rigar wayar lantarki. Dayoksin ba ya tafiya da hayaƙi ya ɓace. Yana sauka a ƙasa, yana zama a toka, kaza ta tona ta ci, ya taru a kitsenta da ƙwanta, ya shiga jikin mutum ya zauna shekaru, har ta nonon uwa yana kaiwa ga jariri. Masana lafiya na duniya sun sa shi cikin abubuwan da ke jawo ciwon daji. A 2019 an fitar da sakamakon gwajin ƙwan kajin da ke kiwo a Agbogbloshie, wurin da a lokacin ake ƙona tsofaffin kayan lantarki a Akara, aka sami dayoksin mai yawan da ya ninka abin da aka yarda jiki ya ɗauka ninkin ba ninki. Kajinmu ma a bakin bola suke kiwo.

Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne hura wuta da leda. Uwa ce tsugune gaban murhu ko kurfoti, goyo a bayanta, ta ɗiga narkakkiyar leda a kan gawayi don ya yi saurin kamawa, ta sunkuya tana fifita, hayaƙin na bugun fuskarta da ta yaron, safe da yamma. Na san kananzir ya yi tsada, na san itacen damina ba ya kamawa da sauƙi. Amma don Allah, iyayenmu, a nemi kara ko ɓawon gyaɗa ko busasshen totuwar masara ko ɗan tsumman auduga da aka ɗiga wa mai. Tarin da ba ya jin magani da numfashin da ke sarƙe yaro da dare sun fi kananzir tsada. Masu babbakar kai da ƙafa da ganda su ma su bar taya, domin abin da ke fita daga tayar a kan naman yake sauka. Matasan da ke ƙona waya don cire jan ƙarfe, a feƙe rigar da wuƙa, kada a sa mata wuta. A hunturu kuma, lokacin da iska ke kaɗawa, wutar bolar da aka bari cikin dare tana iya lashe rumfuna da shaguna.

Masu kiwo sun riga kowa sanin sharrin leda. Tambayi kowane mahauci abin da yake tararwa in ya farke tumbin akuyar gari. Dabba na jin ƙanshin gishiri da mai a jikin ledar da aka ci abinci, ta haɗiye, musamman da rani da babu ciyawa. Leda ba ta narkewa kuma ba ta wucewa, a tumbi take taruwa ta murɗe ta zama dunƙule. Dabbar ta riƙa jin ciki a cike, ta rage ci, ta rame, ciki ya kumbura, nono ya ƙafe. A yi ta ba ta maganin tsutsa a banza, domin babu maganin da ke narkar da leda, sai dai likitan dabbobi ya yi aiki ya cire, ko a yanka da asara. Lokacin da Muritaniya ta haramta leda a 2013, jami'anta sun ce fiye da kashi 70 cikin 100 na shanu da tumakin da ke mutuwa a birnin Nuwakshot leda ce ajalinsu. Tunkiyar da bazawara ke kiwo don kuɗin makarantar marayu, ragon da magidanci ya yi wata shida yana turkewa don layya, leda ɗaya da aka ci awara aka yar ta isa ta fara kassara su.

Takin gari ma da muke alfahari da shi ya gurɓace. Har yau manoma na sayen shara tifa-tifa su baza a gona, amma yanzu sai an sa yara tsince leda da fasassun kwalabe da batura da allurai, da hannu, ba safa. Abin da ya kuɓuce wa tsinta ya shige ƙasa ya hana ruwa ratsawa, ya naɗe saiwa.

To, me za a yi? Aikin daga ƙofar gida yake farawa, tun kafin shara ta zama shara. Ledar da ba ta shigo gida ba, ba sai an nemi inda za a kai ta ba. Mai cefane ya riƙe jaka ko kwando ko bakko guda da zai yi masa shekara. Yaron da aka aika sayen koko ko waina ko wake da shinkafa a ba shi kwano mai murfi ko kula, abin da kowa ke yi shekaru kaɗan da suka wuce. Abinci mai zafi da mai ma bai dace da leda ba, domin zafi na sa sinadaranta su tsatso cikin abin da za a ci. Alale a gwangwani ko ganye ya fi lafiya. Gidan da ke iya sayen jakar fiya-wata kullum ya duba ko tafasa ruwa a zuba a randa mai murfi, ko sayen babbar gorar da ake mayarwa a sake cikawa, ba zai fi masa sauƙi ba. Mai kanti da mai tebur su riƙa tambaya kafin su miƙa leda, tunda su ma da kuɗi suke sayenta. Uwar biki da masu rabon abincin azumi su tuna cewa taron yini ɗaya na barin abin da zai toshe kwatar layi guda. Faranti da tire da ake wankewa ba su daina aiki ba.

Abin da ya riga ya shigo kuma, kada a haɗa shi wuri ɗaya. Wannan ita ce magana mafi muhimmanci a duk gargaɗin nan. Haɗawa ce ke mai da abu mai amfani ƙazanta. Ɓawon doya abincin akuya ne, kwali kuɗi ne, gora kuɗi ce, amma da an zuba su a buhu ɗaya an juye musu ruwan miya da famfas, an ɓata duka. A birane irin namu, kusan rabin abin da ke fita daga gida ko fiye mai ruɓewa ne, ga kuma ƙasar shara da toka. In aka ware su, abin da ya saura ɗan kaɗan ne, ba ya wari, ba ya kiran ƙuda, yana iya jiran mai kwasa mako guda.

Mai ruɓewa, abin da dabba za ta ci a ba ta, in babu dabba a gidan akwai a maƙwabta. Sauran a haƙa ɗan rami a gefe, nesa da rijiya, ko a sami tsohon duro a huhhuda shi. A zuba ɓawo da ganye, a bi da busasshiyar ciyawa ko kara, a yayyafa toka da kashin awaki ko na kaji, a ɗan jiƙa, a rufe da ƙasa don kada ɓera ya samu. A riƙa juyawa lokaci-lokaci, kada a bari ya bushe, kada kuma ya yi lumtsum. Cikin wata biyu zuwa uku zai koma baƙin taki mai ƙanshin ƙasa. Da tsadar da takin zamani ya yi, wannan ba abin rainawa ba ne. Manoman Illela a jihar Tawa sun farfaɗo da faƙon da aka yanke wa ƙauna da ramukan tassa, kowane rami da ɗan cikin hannun taki. Wanda ba shi da gona ya shuka zogale da alayyahu a buhu, ko ya sayar wa masu lambu.

Mai sayuwa kuma a ajiye wa ɗan gwangwan a bushe. Ƙarfe, alminiyam, kwalba, kwali, fasasshen bokiti da kujerar roba, tsohon silifas, gorar ruwa, har ledar fiya-wata akwai masu sayenta a kan kilo in tana da tsafta. Wannan sana'a ce babba da muka daɗe muna yi wa kallon raini. Robar da 'yan jari-bola ke tarawa ita ake niƙawa a masana'antun Sharaɗa da Bompai da Challawa ta dawo buta da baho da bokiti. Gwangwanin lemo ya zama tukunya da ludayi a hannun maƙera. Tsohuwar taya ta zama takalmi, tif ɗinta ya zama guga. Babu wata hukuma da ke raba birni da roba da ƙarfe irin yadda waɗannan bayin Allah ke yi, ba albashi, ba safar hannu, ba takalmin kirki. In muka ware musu kaya tun daga gida, mun hutar da su tonon bola cikin allura da kwalba. Akwai ɓatagari a cikinsu masu cire murfin kwalbati da wayar wuta, wannan na cikin dalilan da suka sa jihar Borno ta hana harkar a 2023, kuma an sha samun fashewar abubuwa cikin ƙarafan da aka kwaso daga wuraren da aka yi yaƙi. Maganin wannan rajista ce da katin shaida ta hannun shugabanninsu da masu unguwanni, yadda kowane layi zai san mai zuwa masa. Masallatai da makarantu su rataye buhu a ƙofa don ledar ruwa da gora, kuɗin da aka samu ya sayi tsintsiya da shebur.

Sai dai a kula, ba kowane abu ake sake amfani da shi ba, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Jarkar maganin feshi da ta maganin ciyawa kada a kuskura a zuba mata ruwan sha ko man gyaɗa ko nono, ko an wanke ta sau nawa, domin robar na riƙe dafin. A ɗauraye ta sau uku, a juye ruwan cikin injin feshi, a huda ta yadda ba mai iya ɗauka. Haka duron da ya fito daga masana'anta ba a san abin da ya ɗauka ba, da galan ɗin baƙin mai. Masu zoɓo da kunun aya su san inda gorunansu suka fito. Wadda aka tsinto daga bola ko harabar asibiti ba ta dace da bakin mutum ba, wadda aka tattaro daga gida ma sai an wanke da sabulu da ruwa mai tsafta. Kwalin magani da kwalbarsa a yaga a ɓata kafin a yar, saboda masu jabu na neman su. Allura da reza a tara a gwangwani mai murfi a kai asibiti mafi kusa. Batirin mota da na sola a mayar wa dillali a yadda yake, kada a fasa shi a gida, kada a narka darmarsa a inda yara ke wasa. Mun ga abin da darma ta yi a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara a 2010, inda yara sama da 400 suka rasu. A can daga dutsen zinariyar da ake niƙawa a gidaje ta fito, amma dafin ɗaya ne da na cikin batir, kuma yaron da ya tsira ma yana iya tashi da raunin ƙwaƙwalwa.

Hukuma na da nata kason, kuma mai nauyi ne. Ba a yi wa talaka adalci ba in aka ce kada ya zuba a kwata, kada ya ƙona, alhali babu matattara kusa da shi, ko akwai amma mota ba ta zuwa sai tsibin ya cinye rabin titi. Hukumar kwashe shara ta Kano, REMASAB, da takwarorinta na sauran jihohi, da ofisoshin magadan gari a Nijar, su sanar da kowace unguwa ranar zuwan mota, su kuma cika alkawari. A dawo da duba-gari da mutuncinsu. Kamfanonin da ke cin ribar ruwan leda da lemon gora su sa hannu a aljihu wajen tattara ɓawon kayansu. Batun doka kuwa, mun ga iri biyu. Ruwanda ta haramta leda a 2008 ta tsaya a kai, Kenya ta bi a 2017, birnin Njamena ya matsa a 2010 har aka ga bambanci a tituna, Legas ta hana farar robar zuba abinci a farkon 2024. Nijar ma ta yi dokar hana siririyar leda tun 2014, amma duk wanda ya shiga kasuwa ya san ledar na nan. Dokar da ba a tanadar wa mai ƙosai abin da za ta ƙunsa a ciki ba, a takarda za ta tsaya. Masu saƙar kwando da jakar kaba da teloli na nan, a ba su ciniki.

Amma ruwa ba zai jira zaman majalisa ba. Masu unguwanni su tara matasa tun wannan Asabar, kada a jira Asabar ɗin tsaftar ƙarshen wata. Limamai su faɗa a huɗuba, domin kawar da cuta daga hanya da kiyaye haƙƙin maƙwabci karatu ne da kowa ya sani. A fara yashe kwata daga gangare a hauro tudu, yadda ruwa zai sami mafita tun aikin bai ƙare ba, a kuma haɗa kai da layin gaba, tunda kwalbati ɗaya ake sha. Masu shiga su sa takalmin roba da safar hannu, a hana ƙananan yara, wanda ƙusa ko kwalba ta yanka a wanke ciwon da sabulu a kai shi allurar tetanus a ranar. Abin da aka yaso kuma kada a jibge shi a bakin kwata a watse, domin ruwan farko zai mayar da shi inda ya fito. Tun kafin a sa shebur a yi karo-karo a tanadi kura ko tifar da za ta kwashe shi, ya tsane kwana ɗaya ko biyu, a kai shi matattarar da hukuma ta ware.